Unguwanni Biyar na Muryar Tiyanjane

Muryar yayata Tiyanjane, da aka gama yanka ta gaɓa-gaɓa aka auna, sakan talatin da bakwai ce. Gaɓoɓi ɗari biyu da talatin da ɗaya: ba, be, nda, nkho, mwa, da duk sauran abin da ake buƙata a haɗa magana da harshenmu na Chichewa. Mijinta Fanuel ne ya ɗauke su a falonsu da ke Zingwangwa, a Blantyre, cikin kwana goma sha ɗaya na ƙarshen Yunin 1993, wajen ashirin kowace safiya kafin maƙogwaron ya gaji. Ta yi shekara goma sha tara tana koya wa 'yan aji biyu waɗannan gaɓoɓin, don haka ba ta nemi takarda ba.

Ciwon daji ne a maƙogwaronta. Ranar Alhamis za ta hau jirgi zuwa Johannesburg, a cire ƙarin tare da wurin da murya ke fitowa. Daga nan babu magana. Mu da muke gari, allo da alli sun ishe mu. Inna ce matsalar. Mahaifiyarmu tana ƙauye kusa da Ntcheu, ba ta karatu, idanunta kuma sun yi rauni. Larabar farko ta kowane wata takan taka mil uku zuwa ofishin Fada, limamin coci, ta zauna kusa da wayar tarho, Yaya ta kira ta ƙarfe uku. Har lokacin ba a gaya mata komai ba.

"Ba zan ce mata ta daina jin muryata ba," in ji Yaya. "Zan ce mata za ta ji ta wata iri."

Fanuel yana rubuta manhajar kwamfuta a wani kamfanin ganyen shayi. Ya kawo gida wata tsohuwar na'ura da ofis ya yar, ya jona mata lasifika ta ramin firinta. Dabarar ita ce Yaya ta buga magana, na'urar ta tsinto gaɓoɓin daga ƙwaƙwalwarta ta jera su, lasifika ta faɗa.

Na je gidan ranar Litinin da la'asar, daga ofishin jarida. Ana yayyafin sanyi. Yaya tana kujera da gyale a wuya da allon makaranta a cinya, don likita ya ce ta rage magana. Fanuel yana gaban na'urar, bai yi aski ba.

"Ɗan jarida, zauna ka ga aiki," ya ce. "Ba irin naku na ƙarya ba."

Ya buga gaisuwa, ya danna. Abin da ya fito muryar namiji ce, mai kauri, tana ja da ƙyar kamar kaset da batirinsa ya kusa mutuwa.

"Ai wannan Kawu Staniel ne ranar biki," na ce. "Bayan tulun giya na biyu."

Babu wanda ya yi dariya. Yaya ta yi rubutu a allo ta juyo mana: HAKA NAKE YANZU?

"A'a, Maman Tadala," Fanuel ya ce da sauri. "Ba ke ba ce. Makirfon da na ɗauki muryar da shi ne. Ni na harhaɗa shi da hannu, ya ɗauka ba daidai ba. Na aro na gaske a wajen wani abokina. Gobe da jibi mu sake."

"Duka?" na tambaya.

"Duka."

"Abin da ya ci kwana goma sha ɗaya, a kwana biyu?"

Ya koma kan na'urarsa. Na san abin da safiya ɗaya take yi mata: bayan gaɓa ashirin sai tari, wani lokaci da jini a hankici, sai shiru har yamma. In ta faɗi ɗari da goma sha biyar ranar Talata, da irinsu ranar Laraba da safe, babu abin da zai rage mata ƙarfe uku. In ba a sake ba, abin da Inna za ta riƙa ji duk wata shi ne Kawu Staniel.

Yaya ta goge allon ta rubuta: ZAN YI.

"Ka tabbata a ɗaukar matsalar take?" na ce masa. "Ba a abin da ka rubuta ba?"

"Layi huɗu ne kacal ke tura muryar zuwa lasifika. Na duba su ya fi sau goma. Kai tambaya kawai ka iya."

"Ita ake biya na in yi. Wa zai iya duba maka?"

"Babu."

Alli ya yi ƙara a allo. NACHISALE.

Fanuel ya kau da kai. Nachisale ce ta koya masa aikin tun yana ɗan shekara ashirin da biyu. Da kamfanin ya kawo sababbin na'urori aka sallame ta, aka ba shi kujerarta. Shekara huɗu ke nan bai taka gidanta ba. Ba faɗa suka yi ba. Kunya ce ta yi masa yawa har ta zama nisa.

Washegari da sassafe na same ta a Chilomoni, cikin kejin kaji, da takalmin roba. Ta kusa sittin, gajera, tabarau rataye a wuya da igiyar takalmi. Ta saurare ni tana kwashe ƙwai.

"Shi ya aiko ka?"

"Matarsa."

"Na ce ko. Shi sai rufi ya faɗo masa a ka." Ta miƙo mini tiren ƙwan. "Riƙe. In ka fasa ɗaya, a jaridarku zan kai ƙara."

Mun iske an riga an jona sabon makirfo. Yaya tana zaune a gabansa da kofin ruwan ɗumi. Ta buɗe baki za ta gaishe ta, Nachisale ta ɗaga hannu.

"Kar ki ɓata mini ko harafi ɗaya, 'yata. Na san kin iya gaisuwa." Ta juya ga Fanuel. "Kai kuma ka yi ƙiba. Kujerar ta karɓe ka."

"Sannu da zuwa, Mama."

"Ajiye sannu. Kunna."

Ya kunna. Ta saurara da kai a karkace, sau biyu.

"Lamba nawa kake tura wa lasifika a sakan ɗaya?"

"Dubu takwas."

"Ka ƙirga, ko kana zato?"

"Haka na rubuta."

"Ban tambaye ka abin da ka rubuta ba. Sa ta tura dubu tamanin ta tsaya. Ɗan jarida, ba ni agogonka."

In lissafin Fanuel daidai ne, sakan goma za a yi. Muka tsaya muna kallon hannun agogon ya wuce goma, ya wuce goma sha biyar. Na'urar ta tsaya a goma sha bakwai.

"Cire wannan makirfon ka mayar wa mai shi," in ji Nachisale. "Muryar lafiyarta ƙalau. Jakin da ka ɗora mata ne gurgu."

Yaya ta ajiye kofin a hankali.

"Amma layi huɗu ne," in ji Fanuel.

"Huɗu a takardarka. Da ka ba da su a juya zuwa harshen na'ura, wane tsarin ƙwaƙwalwa ka zaɓa?"

Ya ce, "Ƙato."

Ta sa tabarau ta dube shi ta cikinsu, kamar tana son ta tabbatar shi ne.

Na nemi ta yi mini bayani, kuma na rubuta a littafina kamar yadda ta faɗa. Ƙwaƙwalwar na'ura gidaje ne a jere, kowane gida yana riƙe da lamba ɗaya. Amma abin da ke aikin lissafi a cikin irin wannan na'urar ba ya iya ƙirga gida fiye da dubu sittin da biyar da ɗari biyar da talatin da shida a tashi ɗaya. Saboda haka aka raba ƙwaƙwalwar unguwa-unguwa. In aikinka cikin unguwa ɗaya yake, lambar gida kawai kake faɗi, adireshin gajere ne, tafiyar da sauri. In za ka fita, sai ka haɗa da sunan unguwa. Mai rubuta manhaja yana da tsari shida da zai zaɓa, daga ɗan mitsitsi har zuwa ƙato, gwargwadon yawan unguwannin da kayansa za su ci.

"A ƙato," ta ce, "na'ura ba ta yarda da ƙafarta ba. Kamar ɗan aike ne ya miƙa wasiƙa a gida na ɗaya a Ndirande. Gida na biyu ga shi nan, katanga ɗaya. Maimakon ya taka, sai ya tsaya ya ciro taswira: wace unguwa nake? Ko na tsallake iyaka? Ya lissafa, ya miƙa. Gida na uku, ya sake ciro taswira. Sau dubu takwas a sakan. A sabuwar na'urar ofishinsu ba za a ji ba. Wannan tsohuwar sa'ata ce, ba ta da wannan ƙarfin."

"Muryar gida dubu ɗari uku ce, Mama," in ji Fanuel. "Ba ta shiga unguwa ɗaya."

"Na iya rabawa."

"In gaɓa ta faɗo a kan iyaka, rabi nan rabi can, yankewa za ta yi. Ƙato ne kaɗai ke tsallake iyaka da kansa."

"Wannan ma ni na koya maka. Kuma na koya maka kuɗin da yake ci a lokaci. Me ya hana ka aunawa?"

Ya kalli allon na'urar. Da ya yi magana, muryarsa ta yi ƙasa.

"Jerin ya fito, shida. Na ce a ba ta mafi girma. Ban so ko gaɓa ɗaya tata ta yanke."

Nachisale ta cire tabarau ta goge su da bakin zane. Ta daɗe tana gogewa.

"Wawa," ta ce, ba da ƙarfi ba. "Matsa in zauna."

Gyaran da ta kawo ba shi da wuya a faɗa. A jera gaɓoɓin cikin unguwa biyar yadda babu wadda za ta hau iyaka. In wuri ya rage a ƙarshen unguwa bai isa gaɓa ba, a bar shi fili. Sannan ga kowace gaɓa a faɗa wa na'ura sunan unguwa sau ɗaya tak, ta shiga, ta bi gida-gida da gajeriyar lamba har gaɓar ta ƙare.

"Za a yi asarar wuri," in ji Fanuel.

"Haya kake biya?"

Ta sa aka ture kujeru. Ta ce a kawo littattafan lissafi na makaranta masu gida-gida, da almakashi, da zare. Kowace gaɓa za a yanka mata tsiri na takarda daidai tsawonta, gida ɗaya na takarda a madadin ɗari na na'ura. Zare biyar a ƙasa, kowanne ya ɗara mita uku, su ne unguwannin.

"Mama, layi goma zan rubuta, na'ura ta jera su da kanta cikin minti ɗaya."

Nachisale ba ta dube shi ba. Yaya take kallo, wadda ta riga ta sauko ƙasa ta ɗauki almakashi.

"Rubuta naka," ta ce. "Mu za mu yi namu."

Ni nake karanto tsawon kowace gaɓa daga takardar Fanuel, Nachisale tana ƙirga gidaje, Yaya tana yankawa tana rubuta suna da rubutunta na malamar aji biyu. Aikin ya ci awa uku. Gyalen ya zame daga wuyanta ba ta lura ba. Mako biyu ke nan ana yi mata komai, ana kawo mata ruwa, ana amsa tambaya a madadinta. A ranar ta ƙwace zaren daga hannuna don na ja shi a karkace, ta buge mini yatsu da bayan almakashi.

Da rana na dafa nsima, tuwonmu na masara, da ƙwan Nachisale da ganyen kabewa. Nachisale ta ɗanɗana ta ce yanzu ta gane dalilin da har yau ban yi aure ba. Yaya ta sha kunu.

Da aka gama, tsirran takarda sun kwanta layi biyar a kan siminti, kowane layi da ɗan fili a ƙarshe. Na lura a farkon zare na ɗaya Yaya ta jera gaɓoɓin da ke haɗa sunan Inna, sai na 'yarsu Tadala da ke makarantar kwana, sai na Fanuel. Na'ura ba ruwanta da wace ta riga wace. Fanuel ya sani. Nasa jerin ya daɗe da fitowa a allo. Ya tsaya a kan takardun na ɗan lokaci, sai ya share nasa, ya durƙusa ya fara kwafe nata ɗaya bayan ɗaya.

Layi huɗun nan Nachisale ta tsaya a kansa ya sake su. Ta hana shi taɓa ƙato. Suka yi musu a kan wani abu da ban gane ba, ta ce masa kansa kamar kabewa, ya ce ita ma ta manta wani abu, ta duba ta ce to, sau ɗaya a shekara huɗu ba laifi. Suka sake gwajin agogo. Sakan goma daidai.

Ƙarfe huɗu da kwata ya tashi daga kujerar ya ba matarsa. Ta buga da yatsu biyu.

"Fa-nu-el, je ka yi wan-ka."

Muryarta ce. Ba ta hawa ba ta sauka, akwai ɗan ƙas tsakanin gaɓa da gaɓa, amma ita ce, har da yadda take ɗan danne hanci a kan "wa". Yaya ta sake dannawa. Ta saurara ido a rufe. Fanuel ya fita baranda, ya daɗe bai dawo ba. Nachisale ta tattara tirenta.

"Na gode, Mama," ya ce da ya shigo.

"Kaji na suna karɓar baƙi ranar Lahadi," ta ce. "Ba sai an yi rashin lafiya ba."

Ranar Laraba Yaya ba ta furta komai ba tun safe. Ƙarfe uku saura biyar Fanuel ya jawo wayar kusa da lasifika. Layin Ntcheu bai shiga ba sai a bugu na huɗu. Mai dafa wa Fada abinci ta ɗauka, ta ce tsohuwa tana nan tun ƙarfe ɗaya. Inna ba ta taɓa yarda waya na kai magana ba sai an ɗaga murya, don haka duk falon yana jin ta.

"Wa ke nan? Tiyanjane?"

Fanuel ya kara bakin wayar a lasifika. Yaya ta danna abin da ta riga ta buga.

"In-na, ni ce. Kin ci a-bin-ci?"

Layin ya yi shuu. Na ƙirga sakan shida.

"Na ci," in ji Inna. "Me ya sa kike mini magana guntu-guntu kamar kina aji? Ni ɗalibarki ce? Ko Fanuel ne ya ɓata miki rai? Ba ni shi."

Fanuel ya toshe bakinsa da hannu ɗaya. Yaya ta kwance gyalen, ta sha ruwa, ta karɓi wayar.

"Inna," ta ce. Muryar a shaƙe take, da ƙyar take fita. "Waccan ma ni ce. Ki zauna sosai, zan gaya miki wani abu."

Muka fita baranda muka ja ƙofa. Yayyafin ya tsaya, ana ganin kan dutsen Soche. Fanuel ya zauna a dakali yana kallon takalminsa. Ta cikin ƙofa muna jin muryar Yaya tana tafiya, ta tsaya ta yi tari, ta ci gaba. Sau ɗaya muka ji ihun Inna, gajere. Daga baya, abin da ban yi tsammani ba, muka ji dariya, ta Yaya, mai kama da takarda ana yagawa. Likita ya ce kada ta wuce minti biyar a jere. Agogona ya nuna ashirin da shida.

Ƙofa ta buɗe. Idanunta sun yi ja, wayar tana manne a ƙirjinta. Abin da ya rage mata raɗa ce, sai da Fanuel ya matso ya kai kunne.

"Ta ce a sake kunna mata waccan. Wai ta fara sabawa da ita tun ina nan in gaya mata in ta ji ba daidai ba."

Ya karɓi wayar ya riƙe a bakin lasifika. Yaya ta zauna gaban na'urar tana neman haruffa da yatsu biyu. Tana jinkiri, Inna kuma ba ta iya jira ba.

"To, ina ji," ta ce daga Ntcheu, da ƙarfi. "Faɗi wani abu mai tsawo."